Guru da Baƙinsa Masu Faransanci

A watan Mayun 1993 wani faifai mai suna Jazzmatazz ya fito a Amurka. Mai shi, Keith Elam, wanda duniya ta sani da Guru, ɗan Boston ne da ya yi suna a New York tare da DJ Premier a ƙungiyar Gang Starr. Wannan karon ya tara dattawan kiɗan jaz irin su Donald Byrd mai busa ƙaho da Roy Ayers da Lonnie Liston Smith, ya ɗora gambararsa a kan kiɗansu. Amma baƙon da ya fi ba Amurkawa mamaki saurayi ne daga unguwannin bayan Paris, wanda ya rera rabonsa na waƙar "Le Bien, Le Mal" da Faransanci tsantsa.

Sunansa Claude M'Barali, ko MC Solaar. A Dakar aka haife shi a 1969, iyayensa 'yan Cadi ne, kuma yana jariri aka kai shi Faransa. Da ya kai shekara 12 ya yi wasu watanni a Alƙahira wurin wani ɗan'uwan iyayensa. Kafin ya haɗu da Guru ya riga ya kafa kansa a gida: waƙarsa "Bouge de là" ta 1990, wadda Jimmy Jay ya haɗa wa kiɗa, ta shiga ko'ina, kuma a 1991 shi ya buɗe wa De La Soul fili a zauren Olympia.

Abin da ya sa wannan haɗuwa ta yi daraja shi ne Guru bai nemi baƙonsa ya sauya harshe ba. A lokacin, yawancin masu gambara a Amurka suna ganin duk wanda ke wajen ƙasarsu ɗan kwaikwayo ne. Guru mai murya ƙasa-ƙasa, wadda ba ta hawa ba ta sauka, ya ji a bakin Solaar irin natsuwar da shi ma yake nema, sai ya ba shi fili daidai da nasa. Sunan waƙar ma da Faransanci aka bar shi, ma'anarsa alheri da sharri.

Ba a nan zumuncin masu gambarar Amurka da na Faransa ya fara ba. Tun 1990 ƙungiyar A Tribe Called Quest ta yi wa abokinta Lucien, wani Bafaranshe da ya je zama a New York, waƙa sukutum mai suna "Luck of Lucien". Sai dai a can labarin baƙon aka bayar. A Jazzmatazz kuwa makirfo aka miƙa masa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1994 Solaar ya yi "Un ange en danger" da Ron Carter, tsohon abokin kiɗan Miles Davis, a faifan da ƙungiyar Red Hot ta shirya don yaƙi da cutar kanjamau. A 1999 Missy Elliott ta sa shi a zubin "All n My Grill" da aka fitar don kasuwar Turai. Nan fa dole a faɗi gaskiya, akwai lissafin kasuwa a ciki: tun 1996 doka ta wajabta wa gidajen rediyon Faransa su ware kashi 40 cikin ɗari ga waƙoƙin Faransanci, don haka kamfanoni suka fara neman muryar Bafaranshe ruwa a jallo. Tasu Guru da Solaar ta riga wannan dokar zuwa.

Da Guru ya zo faifan Jazzmatazz na uku, Streetsoul, a 2000, sai ga Cadi ta sake leƙowa ta wata kafa. Ya gayyaci Les Nubians, wato Hélène da Célia Faussart, ya da ƙanwa, uba Bafaranshe, uwa 'yar Kamaru, waɗanda suka yi shekara bakwai na ƙuruciyarsu a Cadi kafin su koma Bordeaux. Faifansu na 1998, Princesses Nubiennes, ya yi abin da ba a saba gani ba: waƙar "Makeda" ta ratsa gidajen rediyon baƙaƙen Amurka, mutane na bin amshi ba tare da sun san me ake faɗi ba. Les Nubians ne suka raka Guru a "Who's There?", kuma a shekarar ce Talib Kweli da Hi-Tek suka sa su a "Love Language".

Guru ya rasu ranar 19 ga Afrilun 2010, bayan fama da ciwon daji. A lokacin, faya-fayan Solaar na farko sun ɓace daga kasuwa saboda rikicinsa da kamfanin Polydor, har aka yi wajen shekara ashirin matasa na jin labarinsu ba su samun saye. Sai a 2021 aka sake fitar da su.