Daga Magami zuwa Gatawa: Sarauta a Idon Talakan Gobir

Wajen shekarar 1788, a lokacin Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya raba musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi tasa ba. Abu biyar ya roƙa a madadinta, biyu daga ciki kuwa na talaka ne tsantsa: a saki waɗanda ke ɗaure, a sassauta wa jama'a haraji. Bawa ya amsa. Har gobe Bagobiri na alfahari da jaruntar Bawa a fagen fama, amma ni a ganina wannan rana ta fi yaƙe-yaƙensa nauyi. Sarki mai dawaki da mashi, wanda ba a ɗaga masa murya, an gaya masa inda ke yi wa mutanensa ciwo a bainar jama'a, kuma ya saurara.

Magadansa ba su riƙe wannan ba. Nafata ya sa aka yi shela a hana rawani da lulluɓi, a taƙaita wa'azi. A zamanin Yunfa aka auka wa jama'ar Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, aka kwashe su bayi. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Gobirawa da Sakkwatawa ba sa ba da wannan labari da baki ɗaya, kowa da gefen da yake jingina. Duk da haka akwai abin da ba a musu a kansa. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya jero abubuwan da fada ke ɗora wa mutane, da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, kamuwa, gargaɗi. Kamuwa ita ce a kama maka jaki ko raƙumi a yi wa sarki dako ba da yardarka ba. Gargaɗi kuwa a tasa ka yaƙi, in ka ƙi a ci ka tara. Wanda ya karanta jerin zai ji muryar manomi da makiyayi a ciki, domin su ne abin ke faɗa wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sababbin shugabanni ma ba su tsira daga idon mabiya ba. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya bar runduna a 1807 ya nufi gabas, ransa a ɓace da son duniyar da ya gani a cikin jama'a, sai a Kano aka tsayar da shi. Abdussalami, wanda aka kama mutanensa a Gimbana, ya yi bore a Kware a 1817 saboda yana ganin ba a yi masa adalci ba wajen rabon ƙasa.

A wancan zamani talaka na da makami guda da sarki ke tsoro, wato tashi. Daji na da faɗi, gona ba ta yi ƙaranci ba, arzikin sarki kuwa yawan mutanensa ne. In zalunci ya yi yawa, gari na iya kwana da mutane ya wayi gari kufai. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka bi sarkinsu Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga can da mutanensa ya kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima, da goyon bayan Sakkwato. Mutanen wannan yanki, daga Kurawa zuwa Isa, sun zauna a tsakanin masu iko biyu, suna auna wanda garkuwarsa ta fi inuwa kuma hannunsa ya fi sauƙi a kan rumbu. Yarjejeniyar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: na ba ka damin gero, ka tsare mini kwana.

Zuwan Turawa a 1903 ya karkatar da ma'aunin. Iyaka ta raba Gobir biyu, Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila. Hakimi ya zama ma'aikacin En'e mai albashi, wanda ake auna ƙwazonsa da cikar haraji a kan kari. Idonsa ya koma sama, wurin Di'o da Razdan, ba ƙasa wurin mai biya ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke iko daga hannun sarakuna ya miƙa wa 'yan siyasa, daga bisani haraji da jangali suka kau. Talaka ya ji daɗin wannan, kuma ya cancanci ya ji. Sai dai shugaban da kuɗinsa ke zuwa daga asusun tarayya ba ya bukatar gero ko awakin kowa, ƙuri'a kawai yake bukata, ita ma sau ɗaya a shekara huɗu.

Abin da ya biyo baya muna cikinsa. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A shekarar ce kuma labari ya fito cewa yaran jagoran 'yan bindiga Bello Turji sun naɗa nasu masu gari a Gangara da Makwaruwa, suna yanka wa ƙauyuka kuɗin da za su biya kafin su shiga gona. Haraji ya dawo, kamuwa ta dawo, har da tasa mutane noman gandun ɗan bindiga. Ban ga laifin ƙauyen da ya haɗa kuɗi ya kai ba. Uban da ke da 'ya'ya a ɗaki ba ya biya don ya yarda da mai karɓa, yana biya ne don wanda ya zaɓa bai zo ba lokacin da ya kira.

Sai abin da ya fi girgiza Gobir. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa, a hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato. Duniya ta gan shi a bidiyo, dattijo a ɗaure, jini a rigarsa, yana roƙon gwamnati ta cece shi. A watan Agusta aka kashe shi, matasan Sabon Birni suka fito zanga-zanga. Talakan da ya kalli bidiyon ya yi wa kansa lissafi: in mai rawani ya yi kira haka ba a kai gare shi ba, wa zai ji nawa?

Tashi ma ya rage amfani. Tun 2019 dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji, wasu sun cika makarantu da kangaye a Isa da Sabon Birni da Sakkwato. Kakanninsu da suka tashi sun sari daji sun kafa gari, sarkin da suka bari kuma ya ji a jikinsa. Na yau suna layin karɓar tallafi, gonakinsu na fadamar Rima suna can a hannun waɗanda suka kore su.