Yadda Majalisar Dokokin Amurka Ta Zamo Zaure Biyu

Ɗalibin da ya soma karatun sha'anin mulkin Amurka, abu na farko da malaminsa zai biya masa shi ne cewa majalisar dokokin ƙasar zaure biyu ce, wato Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai. Amma ba kasafai akan tsaya a warware masa dalilin da ya sa jihar Kalifoniya, mai mutane kusan miliyan 39, da jihar Wayomin, wadda mutanenta ba su cika miliyan ɗaya ba, kowacce take aika dattawa biyu daidai wa daida ba, alhali kuwa wannan mas'ala ce ta kusa rushe daular tun kafin a aza harsashinta.

Sa'ad da yankuna 13 da ke gaɓar Tekun Atalantika suka warware mubaya'arsu ga Sarkin Ingila Joji na Uku, suka yi shelar 'yancinsu ran 4 ga Yuli 1776, babban abin da ya tunzura su shi ne harajin da majalisar Landan take aza musu ba tare da suna da wakili ko ɗaya a cikinta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka yarjejeniyar tarayya ta farko, wadda ta soma aiki a 1781, ta haifar da gwamnatin tsakiya wadda ba ta da shugaba, ba ta da alƙalai na dindindin, ba ta da ikon karɓar haraji sai dai ta roƙi jihohi, kuma kowace jiha, babba ko ƙarama, ƙuri'a ɗaya gare ta, ba a kuwa iya gyara ko harafi guda na yarjejeniyar sai da ijma'in jihohin duka.

Da aka ƙulla sulhu da Ingila a Faris a 1783, sai raunin wannan tsari ya bayyana ga kowa. Baitulmali wayam, bashin Faransa da Holan yana wuya, sojojin da suka yi yaƙin neman 'yanci suna bin albashinsu. A 1786 manoman Masacusets da bashi da haraji suka yi wa katutu suka tashi ƙarƙashin wani tsohon soja, Daniyel Shays, suka hana kotuna zama, gwamnatin tarayya kuwa ba ta da rundunar da za ta kashe fitinar.

Wannan fargaba ce ta tara wakilai 55 daga jihohi 12 a birnin Filadelfiya, suka buɗe zama ran 25 ga Mayu 1787, jihar Rod Ailan kaɗai ta ƙi aiko da kowa. Suka shugabantar da Janar Washinton, suka yi alkawarin rufe sirrin shawararsu, domin kowa ya samu damar sauya ra'ayi ba tare da jin kunyar jama'a ba. Wakilan Bajiniya, bisa tunanin Jems Madison, wanda a lokacin shekarunsa 36, suka kawo daftari mai cewa a raba kujeru gwargwadon yawan mutane, hujjarsu kuwa ita ce ba adalci ba ne Bajiniya, wadda jama'arta ta ninka ta Delawa fiye da sau 10, ta yi nauyi ɗaya da ita. Ƙananan jihohi, ta bakin Wiliyam Patason na Niyu Jasi, suka ce ba su fita daga ƙangin Ingila don su shiga na maƙwabtansu ba. Muhawara ta yi zafi har wani wakilin Delawa ya yi barazanar cewa ƙananan jihohi za su nemi majiɓinci daga ƙasashen waje, har dattijo Benjamin Faranklin, mai shekara 81, ya ba da shawarar a riƙa buɗe zama da addu'a, ko da yake ba a zartar da shawarar tasa ba.

Maslahar da ta fid da su ta zo ne daga wakilan Konetikat, Roja Shaman da Oliba Elsiwot: a yi zaure biyu, a ɗaya a bi yawan jama'a, kuma daga nan dokokin haraji za su faro, a ɗayan kuwa kowace jiha ta tsaya daidai da 'yar'uwarta. Ran 16 ga Yuli aka amince, jihohi 5 suka rinjayi 4, wakilan Masacusets kuwa suka rabu gida biyu.

Sai dai da zarar an ce a bi yawan jama'a, dole a tambaya su wa za a ƙidaya, a nan ne kuma alƙalamin mai tarihi yake yin nauyi. Ƙidayar 1790 ta nuna cewa a cikin mutane kusan miliyan 4 akwai bayi wajen 700,000, waɗanda aka kwaso su ko kakanninsu daga Afirka, cikinsu har da Musulmi masu karatun allo daga yammacin nahiyar. Jihohin kudu suka nemi a lissafa bayinsu domin kujerunsu su ƙaru, ba tare da an ba bawa ƙuri'a ko hakki ba. Na arewa suka ce in dukiya ne kamar yadda iyayengijinsu suke da'awa, to ba a yi wa dukiya wakili. Aka daidaita a kan cewa bayi 5 za a ɗauke su a matsayin mutum 3, aka hana majalisa soke fataucin bayi daga ƙetare kafin 1808, aka kuma wajabta mayar da bawan da ya gudu ga ubangidansa. A ganina wannan zalunci ne tsantsa, domin yawan waɗanda aka zalunta shi aka mayar ƙarfin azzaluminsu a majalisa; marubutan kundin tsarin mulkin kansu ma sun san da haka, tun da yake sun kauce wa rubuta sunan bauta a cikin kundin baki ɗaya.

Ran 17 ga Satumba 1787 mutum 39 suka sa hannu a kan kundin, jiha ta tara, wadda da ita kundin ya tabbata, ta amince a Yunin 1788, Washinton ya yi rantsuwar kama mulki a Niyu Yok ran 30 ga Afrilu 1789. Tsarin zaure biyu ya ɗore har yau, shi ne ma Nijeriya ta ara a kundinta na 1979. Amma ƙa'idar bayi 5 mutum 3 ba ta gushe ba sai bayan yaƙin basasar da aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rayuka fiye da 600,000, sannan gyara na 14 da aka yi wa kundin ya shafe ta a 1868.