Haɗin Gwiwar Gwamnati da Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu a Shirin Noman Rani na Kadawa

Shirin noman rani na Kadawa ya ratsa ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwansa yana fitowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, ita ke kula da madatsar da manyan magudanan ruwa.

Ƙungiyoyin da ake aiki da su iri biyu ne. Na farko su ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda manoma ke kafawa da kansu. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanai kuma ya ƙarfafa waɗannan ƙungiyoyi domin su riƙa yashe ƙananan magudanai, su cire kacalla, su tsara rabon ruwa, su kuma tattara kuɗin ruwa. Na biyu su ne ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, irin su Sasakawa, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 1992. Ita takan horar da malaman gona na hukumar KNARDA, su kuma su kafa gonakin gwaji a cikin filayen manoma.

Sharuɗɗan nasara

1. A rubuta yarjejeniya da ke fayyace magudanar da ke hannun hukuma da wadda ke hannun ƙungiya.
2. Ƙungiya ta yi rajista, ta buɗe asusun banki, ta riƙa karanta wa 'ya'yanta lissafin kuɗi a bainar jama'a.
3. A ba manoman da ke ƙarshen magudana wakilci, domin su ne ruwa ke yanke wa idan aka yi sakaci da yasa.
4. A sanar da ranakun buɗe ruwa da rufe shi kafin a shuka alkama, shinkafa ko tumatir.
5. A sanya dagatai da masu unguwanni cikin sasanta rikicin ruwa.

Tallafin waje yana da wa'adi. Saboda haka wajibi ne jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin manoma su tanadi yadda za a ci gaba da gyaran magudanai da kuɗin ruwa bayan shirin ya ƙare.