Algaita a Ƙasar Dutse: Busar da Ta Rayu a Inuwar Ubangida

A ƙasar Dutse, daga Kiyawa zuwa Birnin Kudu, daga Jahun zuwa Aujara, ba sai an tambaya ko hakimi ya fito ranar Salla ba, kunne ne ke kawo labari. Tun kafin a hango ƙurar dawaki za a jiyo muryar algaita, siririya mai kaifi, gangunanta na biye da ita. Abin busar kansa bai kai yadda amonsa ya kai ba: itace ne da aka fafe aka rufe da fata, bakinsa na ƙasa a buɗe, da 'yan huji na ɗora yatsu, da bututun ƙarfe a sama wanda ake soka wa ɗan tsinken kara mai kaɗawa, da wani ɗan faifai da leɓɓan mai busa ke dannewa. Gwanintar tana kumatu. Mai busa yana tara iska a bakinsa yana turawa, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, har ya yi tafiya mai nisa sautin bai yanke ba. Ƙungiyar masu algaita da 'yan ganga ita ce badujalarmu ta asali, kuma tarihinta yana nuna abu ɗaya: ba ta taɓa zama mallakar gari ba, mallakar basarake ce. Da shi ta ɗaukaka, da shi take dusashewa, kuma muddin ba ta sami wani abin dogaro ba, ƙwarewar da ke cikinta za ta ci gaba da zubewa ko da kuwa ana ganin kayan a kowane hawa.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin wannan yanki ƙasar Kano ne, don haka a Tarihin Kano ake neman tushen zancen. Littafin ya ce a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wani ɗan sarauta mai suna Dagaci ya zo daga Barno da gangunan doki da kayan busa da tutoci. Ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya fara. Ya ce Kutumbi, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, in zai fita yaƙi ko Idi, ganguna arba'in ne ke gabansa da kakaki ashirin da biyar. Ita algaita danginta suna Maroko da Aljeriya da Turkiyya, kuma hanyar Sahara da ta Barno ce ta kawo ta. Abin lura shi ne ko'ina aka ambaci waɗannan kaya, tare da doki da tuta ake ambatonsu, ba tare da biki ko gayya ba. Talaka yana da kalangu da gangar noma da sarewa. Busar ƙarfe da ta itace mai fata kuwa shaidar mulki ce, har da matakai a cikinta: tambari da kakaki na sarkin yanka, algaita kuma tana sauka har ƙofar hakimi.

Jihadin 1804 ya so ya taɓa wannan tsari. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa shagala da kiɗe-kiɗe dare da rana cikin aibobin sarakunan Haɓe, amma ya bar ƙofa ga kiɗan da ke da dalili, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Ta wannan ƙofa kayan fada suka koma ciki. Sarakunan Fulani da suka gaji gidajen sarauta sun gaji masu busar tare da su, kuma al'adar sara, wato kiɗa da busa a ƙofar fada daren Juma'a, ta ci gaba har mai bincike David Ames ya tarar da ita a Zazzau a shekarun 1960, ya ɗauki sautinta, shi da Anthony King suka bayyana ta a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971. Algaita ta tsira ne domin tana yi wa mulki aiki, ba domin wani ya tsaya mata a matsayin fasaha ba.

Zamanin da ta fi jin daɗi a karkara, abin mamaki, shi ne na Turawa. Bayan cin Kano a 1903, daga wajen 1907 aka fara tilasta wa hakimai barin birni su zauna a gundumominsu. Manyan garuruwa irin su Dutse da Birnin Kudu dama suna da sarakunansu a gida, amma yanzu kowace hedikwatar gunduma ta zama ƙaramar fada, da dogarai da malamai da maroƙa. Hakimi yana fita rangadin haraji da jangali, masu algaita na gaba, dagatai na tarbarsa da hatsi da dabbobi, kuma rabon mai busa yana ciki. Ubangida ne ke ba shi riga da gona, wani lokaci da doki, shi ke ɗauke masa nauyin aure da suna. Shi kuma yana koya wa ɗansa tun yaron bai iya riƙe numfashi ba, domin sana'ar gado ce. Gasa ma akwai ta, sai dai babu alƙali babu kofi. Filinta shi ne hawan Salla a Kano, inda hakimai ke wucewa ɗaya bayan ɗaya kowa da jama'arsa, da manyan hawan daba irin wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Jama'ar da ke bakin hanya sun san take, domin algaita magana take yi, tana faɗin kirarin mai ita. Sun san wanda ya fitar da taken tsaf da wanda ya cakuɗa shi, sun san wanda numfashinsa ya yanke a tsakiyar hanya. Hukuncinsu yana komawa kunnen hakimi, kuma a nauyin kyauta ake ganin sakamako.

Daga nan aka shiga zare wa wannan gida ginshiƙansa ɗaya bayan ɗaya. Bayan ƙirƙirar jihohi a 1967 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga ciyamomi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talaka ya huta, kuma babu mai hankalin da zai so a maido su, amma rangadin da ke ciyar da mai busa ya tafi tare da su. Rediyo da kaset, waɗanda suka kai Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kowane lungu, sun ɗauki masu murya suka bar masu iska. Mutum zai lissafa mawaƙan fada goma bai numfasa ba, amma a tambaye shi sunan gwanin algaita ɗaya, sai ya yi shiru. Ita kuwa siyasa tana ɗagawa tana sakewa. A 1981 Rimi ya ɗaga darajar Dutse tare da Gaya da Rano da Karaye, a 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rushe, sai bayan kafa Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 masarautar Dutse ta zauna da gindinta, da ƙananan hukumomi bakwai, ciki har da Jahun inda Aujara take. Gundumomi sun ƙaru, rawuna sun yi yawa, bukatar busa ranar naɗi da ranar Salla ta ƙaru. Amma hakimin da ke zaune kan albashi ba zai riƙe gidan masu busa shekara ɗungum ba. Haya yake yi na yini biyu. Wanda ake haya sau biyu a shekara noma ne sana'arsa, kuma ɗansa ya fi ganin amfanin babur ɗin haya. Da annobar korona ta hana hawa a 2020, har waɗannan kwanakin biyu ba a samu ba.

A wani wurin an bi wata hanya. Algaita mai salka ta mutanen Sikotlan, wadda ake gani a faretin sojojin Nijeriya, ita ma daga gidajen shugabannin ƙabila ta fito ta shiga bariki. Abin da ya raya ta shi ne garuruwa da ma'aikatu sun kafa ƙungiyoyinsu. Garin Shotts, na masu haƙar kwal, ya kafa tasa a 1910. Ta ci gasar duniya karo na farko a 1948, ta ci sau 16, na baya-bayan nan a 2015, da tsawon shekaru na faɗuwa a tsakani waɗanda ba su kashe ta ba, domin ba ran mutum ɗaya take rataye ba. Hukumar ƙungiyoyin an kafa ta a 1930, ta raba su aji-aji har da na yara, kuma kowane watan Agusta ana haɗuwa a Gilasgo. Ba sai mun je nesa ba ma. Kokawa a Nijar ta zama abin da take a yau ne tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma makaɗan 'yan kokawa sun ci moriyar filin tare da 'yan wasan.

Za a ce algaita ta sarauta ce, fitar da ita filin gasa zubar da kwarjininta ne. Wannan magana tana da ƙarfi a kan tambari da kakaki, kuma a bar su inda suke. Amma algaita ta riga ta fita: ana busa ta a taron siyasa da bikin masu kuɗi da tarbar baƙi, ga duk wanda ya biya. Gasar da masarauta da kanta ta shirya ta fi wannan mutunci nesa ba kusa ba. Za a kuma ce alƙalai da maki za su mayar da busa iri ɗaya, kowa ya bi salon da ke cin kofi. Haɗarin gaskiya ne, kuma ana ganinsa a bikin al'adu na ƙasa da aka fara a 1970, inda ƙungiyar jiha ke haɗa komai cikin 'yan mintuna don burge baƙo. Maganinsa shi ne alƙalan su zama tsofaffin masu busa da sankira, ma'aunin kuma ya zama wanda jama'ar bakin hanya suka sani tun da: yawan taken da mutum ya riƙe, tsabtar fitarsa, tsawon numfashi, da jituwa da ganga. Ta haka gasar za ta tilasta tono tsofaffin take na gidajen sarautar yankin maimakon binne su.

Ƙalubale mafi nauyi shi ne na addini da na matsayi. Akwai malamai da ke ganin haramcin busa baki ɗaya, akwai kuma tsohon kallon da ake yi wa maroƙi, wanda ke sa uba ya hana ɗansa taɓa algaita ko da yaron na so. Saɓanin malamai ba sabo ba ne, kuma babu wanda za a tilasta. Amma busar da ba ta da waƙar batsa, wadda jagororin jihadi suka bari a ƙofar fadojinsu, ba ita ce za a fara kora ba. Batun raini kuwa, tushensa roƙo ne, ba busa ba. Kurtun da ke busa a badujalar 'yan sanda ba wanda ke kiransa maroƙi, domin yana da albashi da kaki. Ranar da yaro zai busa da sunan garinsu, ba da sunan aljihun wani ba, kallon zai sauya.

A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma a hotunan doki da mahayi ake gani, ba wanda ke tafe a ƙasa kumatunsa a kumbure ba. Majalisar masarautar Dutse da hukumar al'adu ta Jigawa za su iya farawa da abin da bai fi ƙarfinsu ba: a ƙidaya gidajen masu algaita da suka rage a kowace gunduma, a ɗauki takensu a ajiye tun tsofaffin suna raye, a ware yini ɗaya bayan hawan Babbar Salla da ƙungiyoyin garuruwa za su kara a Dutse, da ajin yara daban, kuma a buɗe shi ga wanda bai gada ba. 'Yan kasuwa da ƙungiyoyin ci gaban gari na Aujara da Jahun da Kiyawa, waɗanda ke saya wa 'yan ƙwallo riguna duk shekara, su sayi algaita huɗu da ganga huɗu, su ɗauki tsoho ɗaya ya koyar.