Toshe Bakin Tsirkiya: Yadda Ake Saita Fiyano

A Alabar, inda na tashi, mai garaya ko molo ba ya neman kayan aiki in zai gyara muryar abin kiɗansa. Ya ɗora yatsa kan tsirkiya ɗaya ta yi shiru, ya saurari 'yar'uwarta, shi ke nan. Mai saita fiyano ba shi da wannan gata, domin tsirkiyoyinsa sun haura 200, hannu ɗaya na kan maɓalli, ɗayan na riƙe da makullin juya ƙusa.

Matsalar ta faro ne tun wajen 1700, lokacin da Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano na farko a Italiya, kowace murya da tsirkiya biyu. Daga baya maƙera suka mai da su uku a yawancin muryoyi don ƙara amo, musamman bayan da Alpheus Babcock ya fito da firam na ƙarfe a Amurka a 1825. Guduma ɗaya ke bugun ukun a tare. In ɗaya ta ɗan kauce, sai muryar ta riƙa rawa, kunne kuma ba zai gane mai laifin ba.

Dabarar ita ce toshe bakin biyu a bar ɗaya. Ana saƙa doguwar ƙyallen ulu tsakanin rukunan tsirkiyoyi na tsakiyar fiyano, ta danne na gefe, na tsakiya kaɗai ke magana. Sai a ɗauki murya daga ƙarfen nan mai baki biyu da John Shore ya ƙirƙiro a 1711, a saita na tsakiya, sannan a riƙa zare ƙyallen kaɗan-kaɗan ana daidaita kowace tsirkiya da maƙwabciyarta. Wasu masu aikin sun raina ƙyallen, sun fi son guntun roba mai siffar bakin gatari, su gama murya ɗaya tsaf kafin su matsa. A ganina su ne gwanaye, ko da yake aikinsu ya fi cin rai.

Kumasi ta san irin waɗannan kaya ta hanyar mishan. Ramseyer na mishan ɗin Basel ya zauna a garin a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, kaya masu nauyi suka daina dogara da kan ɗan dako. Amma ƙasar Tonawa ba ta raga wa fiyano. Laimar damina na kumbura katako murya ta hau, hunturu ya busar da shi ta sauka, don haka saitin bara ba ya kaiwa bana.

Tun da Casio ta fito da madannin lantarki a 1980, wanda ba ruwansa da saiti, masu wannan sana'a suke ta raguwa. Fiyanon da aka bari shekaru ba a taɓa ba kuwa, ƙusoshinsa kan saki, tsirkiyoyi su yi tsatsa, gyaransa ya fi kuɗin sabon madanni.