Daga Jigo Zuwa Tiga: Alkama da Awon Ruwa

Mu mazauna Hotoro kullum muna wucewa ta gaban hedikwatar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke titin Maiduguri, amma ba kasafai muke alaƙanta ginin da gurasar da muke saye da yamma ba. Alhali kuwa tarihin alkamar Kano na shekaru hamsin ɗin nan ta ofisoshin nan ya ratsa.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu ke shuka ta a fadamu da rani, cikin ƙananan fangali, suna yi mata ban ruwa da jigo. Da ita ake alkaki da taliya da gurasa. Mai jigo da ƙarfin damtsensa yake ɗebo kowane guga, don haka ba ya zuba ruwa sai ƙasa ta nema.

A 1974, ƙasar Sahel na fama da raɗaɗin fari, gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar ruwa ta Tiga. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar nan tamu ta Hotoro, aikin ban ruwan kogin Kano ya koma hannunta. Magudanu suka kai ruwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, a shirin da aka tsara wa hekta 22,000. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, ta dogara da irin waɗannan gonaki. A 1992 aka janye dokar, domin abin da muke nomawa bai ƙosar da masu burodi ba.

Dalilan suna da yawa, amma ɗaya na cikin ƙasar gonar kanta. Alkama ba yawan ruwa take so ba, ruwa a kan kari take so. Akwai lokutan da ƙishi ke karya ta: wajen mako uku bayan shuka, sa'ad da take kafa saiwa, sai lokacin fure, sai lokacin da ƙwaya ke cika. Idan kuma ruwa ya kwanta mata, saiwar ta rasa iska, ganye ya yi rawaya, taki ya wanke. Ga ta 'yar hunturu: wanda bai samu ruwan shuka ba daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, zafin Maris zai riski zangarniyarsa, ƙwaya ta shanye. Na bakin magudana yakan cika gona har ta jiƙe sharkaf, na ƙarshen layi yana jiran ragowa. Duka biyun asara suke yi. Da yawa suka koma shinkafa da tumatir.

Ruwan da aka ɓarnatar a Kura kuwa rabon wani ne. Bayan Tiga da madatsar Challawa ta 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu.

Yau ma ana ta kiran a noma alkama a gida. Madatsa muna da ita. Abin da muka baro a bakin jigo shi ne awo: a duba damshin ƙasa kafin a buɗe ruwa.