3.2 Zaɓen Gwamna na Musamman: Misalin Jihar Sakkwato

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, manoman yankin Funtua da Malumfashi ba su taɓa fita sake zaɓen gwamna bisa umarnin kotu ba. Saboda haka wannan bincike ya ɗauki misali daga Jihar Sakkwato.

A watan Afrilu na 2007 aka bayyana Aliyu Magatakarda Wamakko na jam'iyyar PDP a matsayin wanda ya ci zaɓe. Sai Muhammadu Maigari Dingyaɗi na DPP ya kai ƙara, yana mai cewa tsayar da Wamakko takara ya saɓa wa doka. Ranar 11 ga Afrilu, 2008, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke zaɓen. Shugaban Majalisar Dokoki, Abdullahi Balarabe Salame, ya riƙe mulki har aka sake zaɓe a watan Mayu, Wamakko ya kuma ci.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba. Tambayar da ta taso ita ce: daga wace rantsuwa za a fara ƙidayar shekara huɗu? A watan Janairu na 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa daga rantsuwar farko ne, wato wa'adinsa ya cika tun watan Mayu na 2011. Aka sake zaɓe a watan Fabrairu, ya sake komawa kujerarsa.

Ke nan, sake zaɓe yana iya gyara kuskure, amma ba ya ƙara wa gwamna kwana a kan mulki.